Allura a Bakin Likita

Tun kafin wani abu ya faru nake tsoron allura, ta ɗinki, ba ta asibiti ba. Kakata ta wajen uba, can ƙasar Haɗeja, ita ta dasa mini tsoron. Takan ce allura ba ta ɓata, tafiya take yi. In ta faɗi ta samu tafin ƙafa ko bakin yaro ta shige, sai ta bi jini a hankali, ba ƙari ba kumburi, wata da watanni, har ta isa zuciya. Ranar da ta isa, mutum na cikin magana sai kawai ya yi shiru. Ina ƙarama na ji wannan. Na yi aure da tsoron, na ratsa Sudan da shi, na haye Bahar Maliya da shi. Da Allah ya tashi ba ni sana'a a Jidda kuma, sai ya ba ni ta allura.

A unguwar Bani Malik muka zauna, lokacin tana bayan gari, awaki sun fi motoci yawa. Ɗaki muka kama na katako da kwano a gidan wata dattijuwa da kowa ke ce wa Khala. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo daga Kano a ƙafa. Hausarta tana nan, sai dai rabinta Larabci ne, in ranta ya ɓaci kuwa duka. Maigidana dako yake yi a tashar jiragen ruwa, yau buhun shinkafa, gobe siminti. Ni kuma ina ɗinka fararen huluna irin waɗanda alhazai ke saye na tsaraba, Khala ta kai kasuwa. Iskar garin nan gishiri gare ta, allura in ka bar ta a fili kwana kaɗan ta yi tsatsa. Saboda haka nawa a gwangwanin shayi suke kwana, soke a tsumma mai ɗan mai. Na san kowacce kamar yadda mai kiwo ya san tumakinsa.

Muna da yarinya ɗaya, 'yar fari, a lokacin ko famfara ba ta fara ba. Da a gida ne, ba ni zan riƙe ta ba. Ana yaye ta kakarta za ta ɗauke, ni kuwa in wuce ta a tsakar gida kamar ban san inda ta fito ba, don haka aka san 'yar mutunci da 'yar farinta. A nan babu kaka, babu gwaggo, sai ni. Sai na koyi yi mata wanka ina kallon bango, na koyi duba ta da wutsiyar ido. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta sai in ce "yarinyar nan". Har yau ban kama sunanta da bakina ba, ba kuma a takarda zan fara ba.

Shekarar da abin ya faru, an sauko daga Arfa, alhazai sun cika Jidda suna jiran jirgin komawa, aiki ya yi mini yawa. Wata hantsi ina zaune a tabarma ina ɗinki, yarinyar na kwance a gefena tana wasa da ƙullin zare, sai mai ruwa ya yi kira a ƙofa da jakinsa. Na soke allurar a bakin hular, na tashi na tari ruwa. Da na dawo, ga hula, ga zare, babu allura.

Na kakkaɓe tabarma. Na kwance zanina na girgiza. Na tankaɗe ƙasar ɗakin da rariya, tafi bayan tafi. Na ce da yarinyar, "Ke, kin ga allura?" Ta girgiza kai, bakinta a rufe. Ita kuwa mai sa abu a baki ce, ƙwallon dabino, maɓalli, duk abin da ta tsinta. Na matse kumatunta na leƙa, ban ga komai ba sai harshe.

Khala ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ya binti, duk wannan ƙurar a kan allura ɗaya? Na zaci ɗan kunnen zinariya ne ya faɗi."

"Khala, ba a ƙasa nake tsoron tana nan ba."

"To a ina? A sama? Ki bar tonon nan haka, kada allura ta tono miki garma."

Da yamma ta ba maigidana labari, suka yi ta dariya. Washegari ya shigo mini da sabuwar takardar allurai, ya ce ga goma a madadin ɗaya, a bar mutane su huta. Na karɓa na yi godiya. Amma kullum in na zo yi wa yarinyar wanka sai in bi jikinta da yatsa, wai ina cuɗa ta ne, alhali nema nake.

Ba a daɗe ba ta ƙi cin abinci. Ta ce cibiyarta na ciwo. Khala ta dafa mata yansun, wani irin shayi da suke ba yara na ciwon ciki, aka ba ta zamzam, maigidana ya karɓo rubutu. Ta amayar da duka. Zuwa la'asar sai ta ce ciwon ya bar cibiya, ya gangara ƙasa ta hannun dama. Na ji abin har tafin ƙafata. Ciwo mai tashi daga nan ya koma can. Na dubi Khala, ta gane abin da ke raina, ta ce, "Kul. Kada in ji."

Da gari ya waye jikinta ya yi zafi, tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa. Khala ta yarda muka kai ta wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin hanya, inda ba a tambayar takarda. A hanya na roƙe ta ta gaya wa likita zancen allurar, tunda Larabcina na cefane ne kawai. Ta ce ba za ta buɗe baki ta ba mu kunya a gaban mutane ba.

Likitan mutumin Pakistan ne, siriri, shi ma Larabcin nasa bai taka kara ya karya ba, yana da wani ma'aikaci da ke yi masa tafinta. Ya kwantar da yarinyar, ya danna gefen cikinta a hankali, sannan ya ɗage hannu farat ɗaya. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ya juya ga ma'aikacin ya yi magana da Turanci, da sauri, ban kama komai ba sai kalma ɗaya, don sau biyu ya faɗe ta, kuma duk biyun sai da ya ɗaga yatsa. Akyut. Gajeriya ce, tana da tsini a ƙarshe, kamar ƙarar zare in ya tsinke.

Ma'aikacin ya mayar wa Khala da Larabci. Khala ta mayar mini da Hausa: wai ciwon hanji ne mai tsanani, wai a kai ta babban asibiti a yanka. Maganar ta bi baki uku kafin ta iso gare ni, ta iso a dakushe. Mai tsanani. A Jidda me ba mai tsanani ba? Rana mai tsanani ce, ƙishirwa mai tsanani ce, kewar gida mai tsanani ce, duk muna kwana da su muna tashi. Sai na ɗauke "akyut" ɗin na sa a bakina kamar yadda yarinyar ke yi da ƙwallon dabino, ina juya ta da harshe har gida don kada ta ɓace.

Maigidana ya dawo ya ji, ya zauna a bakin gado. Da bizar aikin hajji muka shigo, ta mutu tuntuni, ba mu da iƙama, wato takardar zama, ba mu da kafili mai tsaya mana. A babban asibiti kuwa ana tambaya. Ya ce akwai abokin dakonsa da ya kai ƙafarsa a ɗaure masa, daga can sai cikin jirgin mayarwa gida, iyalinsa ba su ma gan shi ba.

"In aka tafi da ni, ku biyun wa zai ciyar da ku?"

Khala ta ce, "Kuma yanka? Yarinya 'yar wannan a farke mata ciki kamar kaza? Haram. Likitocin nan in sun ga ciki hannunsu ƙaiƙayi yake. A ba ta kwana biyu tukuna."

Ba mugunta ba ce ta sa su. Khala ta binne 'ya'ya, ta ga waɗanda aka kai asibiti ba su dawo ba. Shi kuma hannunsa na kan goshin yarinyar yake maganar. Ni kuwa 'yar fari ce ke kwance, ina da bakin da zan ɗaga murya a kanta a gaban uban da dattijuwa?

Washegari da safe ciwon ya lafa. Yarinyar ta miƙe ƙafa, ta kurɓi shayi, ta yi barci. Khala ta tafa hannu. "Halas! Kin gani? Da yanzu an yanka ta a banza." Maigidana ya yi hamdala, ya ɗauki rawaninsa na dako ya tafi tasha. Na zauna kusa da ita da hula a cinya, ban sa ko ɗinki ɗaya ba. Fuskarta ta yi toka-toka. Na taɓa cikinta, ya yi tauri kamar bayan ƙwarya. A raina na ce, ta bar wurin ne, ta yi gaba. Sai kuma na ce wa kaina, ke dai mahaukaciya ce, kowa ya gaya miki, likita ma bai ce allura ba.

A ɗakin da ke bakin ƙofar gida Khala ta sauki wani alhaji daga Zariya, malamin makarantar boko, yana jiran jirginsa. Ya ba ni aikin huluna na tsaraba. Mutum ne mai son magana, daga ɗakina nakan ji shi yana tsare mai ruwa da tambayar me ake ce wa kaza da kaza da Larabci, yana dariya shi kaɗai. Da hantsin nan ya yi sallama a bakin labulena yana tambayar hulunansa. Ban ga fuskarsa ba, takalmansa kawai nake gani ta ƙasan labule, fade ne na fata, ɗaya an ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu.

Na ce saura kaɗan. Ya ce ba komai, jirgin ma ba shi da ranar tashi. Ya juya zai tafi, sai na ji bakina ya ce, "Malam, kana jin Turanci, ko?"

"Ana taɓawa, Hajiya."

"Mene ne akyut?"

Takalman suka dawo. "Ikon Allah! A ina kika tsinto wannan?"

Nan ne ya kamata in ce likita ne ya faɗa a kan 'yata. Amma namiji ne baƙo, ita kuwa 'yar fari. Harshena ya ƙi. Na ce, "A bakin wani na ji."

Sai ya ɗauka sha'awar kalma ce irin tasa, murna ta kama shi. Na ji ya gyara tsayuwa kamar mai shirin shiga aji.

"To, ai ba tasu ba ce ma. Turawan Ingila aro suka yi, kamar yadda kuke aron gishiri a maƙwabta ba ku mayarwa. Akwai wani tsohon harshe na Rumawan da, Latin ake ce masa. Ya mutu, babu mai ciniki da shi, babu mai rarrashin yaro da shi, amma likitoci har gobe suna tono ƙasusuwansa suna aiki da su. Mu ma an ɗan gwada mana shi a kwaleji, da bulala. A can, abin da aka wasa har ya yi tsini, shi ne akutus. Turawa suka gutsure wutsiyar, ya zama akyut. Shi kuma akutus ɗin yana da uwa, sunanta akus. Kin san mece ce akus, Hajiya? Ke ya kamata ki fi kowa sani. Abin sana'arki ce. Allura."

Ɗakin ya yi mini wani irin fayau, har ina jin numfashin yarinyar a bayana.

Shi bai sani ba, ya ci gaba. Wai mu ma allurar tamu aro ce, Larabawa ke cewa al-ibra, bakin Bahaushe ya tauna ta ta koma allura. Wai Turawa na faɗin kalmar a kan lungu mai tsini a lissafi, da yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, da wasu abubuwa da suka wuce ta gefen kunnena. Ni abu ɗaya ke kaina. Ban gaya wa likita ba. Khala ta ƙi gaya masa. Amma ya danna cikin da hannunsa, ya ɗaga yatsa, ya ce allura, har sau biyu. Ya gan ta. Ya faɗa, tafinta da Khala suka rufe mini.

Na yafa mayafi. Na sunkuci yarinyar, ta fi ƙarfin goyo, kuma cikinta ba zai jure bayana ba, sai na rungume ta a ƙirji, ƙafafunta na reto. Malam ya ji motsi ya katse zancensa.

"Hajiya? Wa kika ce ya faɗa miki kalmar nan?"

"Likita."

"A kan wa?"

Na banko labule, ya yi tsalle gefe. Ya dubi abin da ke hannuna, muryarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Yaushe ya faɗa?"

"Jiya."

"Inna lillahi. Hajiya, saurare ni, ba allurar gaske yake nufi ba, nufinsa ciwon ba ya jira. Amma ku tafi. Yanzu, yanzun nan."

Na ji shi sarai. Sai dai na ɗauka irin maganar da ake yi wa mace ce don kada ta faɗi. Khala ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Ina zuwa kuma da rana tsaka? Yarinya ta samu barci za ki tashe ta?"

"Likita ya ga allurar, Khala. Kun ji, kuka ɓoye mini."

"Wace allura? Majnuna! Wallahi yarinyar nan ta zare. Ajiye ta ki jira ubanta."

"Ba zan jira ba. 'Yata ce."

Ban taɓa faɗin haka ba, ko a cikin ɗaki ni kaɗai. Ya fito da ƙarfi, har matan gidan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ji kunya ta rufe ni kamar an zare mini zani a kasuwa, amma ban sauke ta ba. Khala ta dube ni, ta dubi ƙafafun da ke reto. Ta matso ta ɗora tafinta a cikin yarinyar, ta bar shi a nan. Ban san me hannunta ya tuna ba. Ta jefar da ludayin a ƙasa, ta shiga ta fito da abayarta a ka, ko ɗaurawa ba ta tsaya yi ba.

"Yalla, mu je," ta ce.

Malam ya ruga bakin hanya ya tare mana mota, shi kuma ya nufi tasha neman maigidana, mutumin da ko sunan jirgin da yake saukewa bai sani ba. A ƙofar babban asibiti Khala ta shige gaba, ta buɗe Larabcinta na 'yar gari, ta ce jikarta ce, ta faɗa da irin muryar da ba a yi wa tambaya ta biyu. Aka karɓe yarinyar daga hannuna. Hannun ya daɗe a lanƙwashe bayan an ɗauke ta, na kasa miƙe shi.

Suka ce sai uba ya sa hannu kafin a yi aiki. Ya iso da siminti har a gashin ido, yana haki. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini a hankali, "In sun riƙe ni, ki zauna wurin Khala." Ya shiga ya dangwala yatsa. Babu wanda ya tambaye shi komai. Ya fito ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya rufe fuska da rawaninsa.

Aka yi azahar, aka yi la'asar, muna kan benci. Sannan wani likita ya fito, Bamisire, mai kauri, rigarsa jiƙe da gumi. Ya yi wa Khala bayani, ita kuma wannan karon ta juya mini shi kalma bayan kalma, ba ta rage ba. Wai akwai wani ɗan wutsiya a jikin hanji, shi ya kumbura. Lafawar da ciwon ya yi da safe, ba sauƙi ba ne, fashewa ya yi, ƙazanta ta bazu a cikin. Wai da mun kai gobe, ba asibiti za mu kai ta ba. Khala ta faɗi wannan, sai ta zauna a kan bencin da ƙarfi.

Na ce, "Tambaye shi allurar."

Ta tambaye shi. Ya yamutsa fuska, ya ce wace ibra? Ya sa aka kawo abin da suka cire a cikin wani ɗan kwano, abu kamar tsutsa, baƙi-baƙi. Na sa ido na duba shi daga kai har gindi. Babu allura. Bayan kwanaki, da na ishe su da naci, suka sa ta a na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi, suka ɗaga hoton a taga suka nuna mini. Haƙarƙarinta ne reras kamar haƙoran mataji, ba komai a tsakani.

Ta daɗe a kwance da roba a gefen ciki, ta rame har idanunta suka yi mata yawa. Amma ta tashi. Ranar da aka buɗe ɗinkin na gani, na ce a raina wanda ya yi wannan ko bakin buhu ba zan ba shi ya kama ba. Khala ta ce in rufe mata baki, ɗinkin da ya riƙe rai ba a duba kyansa. Kafin a sallame mu jirgin Malam ya tashi. Khala ce ta ƙarasa masa hulunan da hannunta, ta ce sun fito a karkace, ya karɓa yana ta godiya. Ban sake jin labarinsa ba. In na tuna shi, takalman nan nake gani a ƙasan labule, da murya tana cewa allura cikin murna.

Yanzu an rushe gidan katakon, an yi bene a wurin. Ranar da za mu tashi daga gidan na sake tankaɗe ƙasar ɗakin, maigidana na tsaye da kaya a ka yana jirana. Ban same ta ba. Khala ta riga mu gidan gaskiya. Mun samu iƙama daga baya. Yarinyar tana makarantar 'yan mata, in na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, in na ba ta labarin nan sai ta ce, "Ummi, wace ibra kuma?" ta yi dariya ta wuce.

Na san babu allura a kalmar likita, an gaya mini, na kuma yarda. Abin da ke hana ni sakewa shi ne ƙanƙantar abin da ya tsaya tsakaninta da kabari. Da Malam bai zo tambayar huluna a hantsin nan ba. Da shi mutum ne mai gajeriyar amsa, ya ce mini "mai tsanani" kamar yadda aka riga aka ce, in ce na gode, in koma in zauna jiran maigida. Kunya ce ta hana ni faɗa masa gaskiya, ita ta sa ya bi ta doguwar hanya har ya fito da uwar kalmar, kuskuren fahimtata kuma shi ya ɗaga ni daga tabarma. In na jera su haka sai in ji sanyi a bayana, ko da rana ta take.

Nakan kuma yi tunanin wanda ya fara kiran ciwo da sunan allura, can cikin mutanen da harshensu ya mutu. Malam bai ce ko wane ne ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ni dai a raina mace ce, mai ɗinki, ta taɓa zama a gefen yaro tana kallon cikinsa. Ta mutu, mutanenta sun mutu, kalmar ta shige bakin wasu, ta bi ta nan ta bi ta can, ba wanda ya ji tsininta, har ta iso wani ɗakin kwano a Bani Malik ta same ni. Kakata ba ta san Latin ba, amma haka ta ce allura ke yi.

Tawa kuwa, ta gwangwanin shayi, har yau ban san inda ta kwana ba. Hoto ya ce ba ta jikin yarinyar. Amma wani lokaci tana cikin ba ni labarin makaranta sai ta tsaya, ta yi shiru, tana neman kalmar Hausa da ta ɓace mata. Tsakanin shirun nan da dawowar muryarta, ni kaɗai na san inda nake zuwa in dawo.

Roƙona ga mai karanta wannan ɗaya ne. In kana jin Turanci, ka kuma tsinci kanka a asibiti, ka ji likita ya ce akyut a kan yaro, uwar na tsaye ba ta gane ba, kada ka ce mata mai tsanani. Ta saba da tsanani, za ta ɗauke shi ta kai gida. Ka tambaye ta ko nata ne, don wataƙila na fari ne ba za ta faɗa da kanta ba. Sannan ka ce mata allura ce, tana tafiya, kada ta jira gobe.